Kunnen da Na Kusa Barowa a Tunis

Da kunne ɗaya na sauka a Tunis. Na hagun sanƙarau ya tafi da shi tun ban shiga lakwal, wato makarantar boko, ba, shi ya sa duk wanda ya san ni a unguwarmu ta Birni ya san ta dama ake ɓullo mini in ana son amsa. Da na daman na yi karatu, da shi na yi zaman aure, da shi kuma nake cin abinci, don ni ungozoma ce ta gidan likita, aikinmu kuwa rabinsa saurare ne. Ki kafa ƙahon katako a cikin mace ki nemo bugun zuciyar ɗan da bai zo duniya ba. Ki ji nishin mai naƙuda daga ɗaya ɗakin ki san lokacin tashi da gudu ya yi. Ban taɓa ganin ungozoma kurma ba, kuma ban yi niyyar zama ta farko ba.

Mu biyu aka turo daga Damagaram, wato Zinder, ƙaro sani na wata shida, abin da muke ce wa sitaj: ni da Rakiya 'yar Mirriya, wadda na girme wa nesa ba kusa ba. Ya Falmata take ce mini, yadda dangina Barebari suke kirana, amma ladabin nata a sunan ya tsaya, don bakinta ba shi da linzami. Muka kama ɗaki a saman benen wata tsohuwa mai suna Zuhura, wadda mijinta ya rasu, 'ya'yanta suka watse ƙasashen Turai. Farkon zuwanmu ba ta ƙaunar ganinmu. Ranar da na fara kunna turaren wuta ta hau bene da bokitin ruwa tana ihu, ta ɗauka gobara muka tayar mata. Na nuna mata kaskon, ta sunsuna, ta harare ni, ta sauka da bokitinta. Daga ranar dai ta rage ɗaure fuska in mun haɗu a matakala.

Garin yana da kyau, ba zan yi masa ƙarya ba, amma ni ban ji daɗinsa ba. Burodi da safe, burodi da rana, burodi da yamma. Iskar teku tana shiga ƙashi. Ka gai da mutum a hanya ya dube ka kamar ka taka masa ƙafa. Akwai ranar da na tsaya a kasuwa ina kallon wani buhun gero da ake sayar wa masu kiwon tsuntsaye, hawaye suka zubo mini. Rakiya ta ja ni tana cewa, "Ya Falmata, kar ki ba mu kunya, abincin kanari ne."

A wata na uku abin ya same ni. Na tashi da safe na buɗe famfo zan yi alwala, ruwa yana zuba, babu ƙara. Na tsaya ina kallonsa. Na rufe, na sake buɗewa. Na juya na ga Rakiya a bakin ƙofa, bakinta yana motsi, ni kuwa abin da nake ji kawai wani zuuu ne a cikin kai, irin na injin niƙa daga unguwa mai nisa. Kunnen ya cika dam. Ba ciwo, ba zazzaɓi, ba ruwa yana fita, ba komai. Jiya na kwanta da ji, yau na tashi babu.

Sai ta kafa baki a kunnen ta kwarma ihu sannan nake tsintar wani abu can ƙasa. Abin da ya cece ni shi ne tun ina yarinya na saba karanta bakin mutane, saboda kunnen hagun. In mutum ya fuskance ni ya yi a hankali, ina kama rabi, in cike sauran da kaina.

"Sanyi ne," in ji Rakiya. "Iskar tekun nan ce ta shige ki. Ni ma jiya hancina ya toshe. Kwanta in gasa miki."

Ta ɗumama man zaitun da tafarnuwa ta ɗiga mini, ta toshe da auduga, ta naɗe mini kai da ɗankwali. Ni da na shekara ashirin ina yi wa mata faɗa don sun tsaya jiƙe-jiƙe a gida, na miƙa kai luf aka ɗiga mini. Wanzami dai ba ya son jarfa. Kuma abin da ba ya ciwo wuyar kaiwa gaban likita gare shi, kullum sai in ce gobe zai buɗe. Na aika wa masu kula da sitaj cewa mura nake yi, na zauna a ɗaki.

Da goben ta ƙi zuwa, sai Rakiya ta shigo da Anis. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Saurayi ne fes-fes mai ƙamshi, irin waɗanda ke zama a gidan shayi kusa da asibitoci suna jiran baƙin da suka zo neman magani. Kowace magana sai ya dafa ƙirji ya ce 'yar uwata. Ya ce ya san babban masanin kunne na ƙasar gaba ɗaya, manya ma layi suke bi, amma tunda mu Musulmi ne 'yan uwa zai shigar da mu ta baya. An ce baƙo ko da ido makaho ne, to ni ga makantar baƙunci ga kurumta. Muka bi shi.

Inda ya kai mu akwai farar riga, akwai kujera mai juyawa, akwai ƙaton hoton kunne a bango. Mai farar rigar ya leƙa kunnena da 'yar fitila, ya girgiza kai, ya rubuta mini cewa jijiya ta mutu, babu magani sai na'ura. Ya ciro wata 'yar aba da ba ta wuce ƙwayar gujiya ba ya cusa mini. Na ji ƙara kam, amma ƙarar gwangwani ce, babu magana a cikinta. Ya ce sai na saba. Na juye masa guzurina na watan, muka fito, Anis ya sa mu a taksi yana ɗaga mana hannu. Daga baya muka gane shagon sayar da na'urorin ji ne, farar rigar kuwa ko mahauci yana da irinta. Lambar Anis ba ta sake shiga ba.

A nan ne zuciyata ta karye. Na zauna a bakin gado ina tunanin komawa gida. In shiga ɗakin haihuwa in ce musu me? Su mayar da ni rabon katin awo, in dawo in zauna a tsakar gidana ana hira ina bin bakuna da ido. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, na yi kuka har na gaji.

Ina cikin haka na ga ƙofa ta buɗe, Zuhura ta faɗo da makullinta a hannu. Ashe ta daɗe tana bugu, ta ga kwana da kwanaki ban fita ba, ta ɗauka na mutu mata a gida. Ta yi magana, na nuna kunnena, na juya tafin hannu. Ta tambaya da yatsu tun yaushe, na nuna mata. Sai na ga fuskarta ta sauya. Ta fizge audugar ta jefar, ta damƙi wuyan hannuna. Da takalman soson ɗakin girkinta ta ja ni har tashar ƙaramin jirgin ƙasan da ke ratsa garin, Rakiya ta taras da mu a hanya ta bi bayanmu. Daga baya tsohuwar ta ba Rakiya labari cewa ƙaninta haka ya kwana ya tashi, ya tsaya jira, kunnen bai dawo ba har ya koma ga Allah.

A asibitin layi har waje. Zuhura ta ratsa shi kamar ba ta ga kowa ba, tana zazzaga Larabci tana nuna kunnena. Ban ji abin da ta ce ba, na dai ga mutane suna matsawa.

Likitar kunnen mace ce siririya mai furfura a gaban goshi. Ta leƙa ta ce dodon kunnen lafiyarsa lau, babu datti, babu ruwa. Aka shigar da ni wani ɗan akurki aka sa mini abin saurare, aka ce in na ji ƙara in danna. Ban danna da yawa ba. Da ta duba sakamakon sai ta jawo kujera ta zauna dab da ni, tana magana a hankali, abin da ban kama ba ta rubuta. Ta ce ciwon can ciki yake, bayan dodon kunne, inda jijiyar ji take. Sau da yawa ba a gano dalili. Wani lokaci ƙwayar cuta ce, wani lokaci jini ne bai isa wurin ba, wani lokaci Allah kaɗai ya sani.

"Ke ungozoma ce," in ji ta. "In jini ya ɓalle wa mace bayan haihuwa, kina cewa a bari sai gobe?"

Na ce a'a.

"To wannan ma haka yake. Makonni biyun farko magani ya fi kamawa, ke kuwa kin cinye kusan rabi a ɗaki."

Ta faɗa mini abin da ke hannunta. Da farko ƙwayoyin kotizon masu ƙarfi, a sha na kwanaki, a rage a hankali. In ba su yi ba, a yi allurar maganin kai tsaye ta dodon kunne, ita ma da iyakar lokacinta, in an haura wata da 'yan kwanaki amfaninta kaɗan ne. Akwai kuma ɗakin iska, inda ake shaƙar oksijin a matse, a haɗa da maganin. Za a ɗauki hoton kai don a tabbata ba tsiro ba ne ke danne jijiyar. In duk an yi bai dawo ba, sannan a zo maganar na'ura ta gaskiya wadda aka auna da kunnen, ko aikin dasa ta a ciki. Ba ta yi mini alkawarin komai ba. Ta ce na wani yana dawowa duka, na wani rabi, na wani shiru.

Ranar na fara shan ƙwayoyin. Hoton kai ya fito babu tsiro, na yi hamdala. Maganin kuwa ya buɗe mini ciki, ni da nake raina burodi na koma ina cinye nawa in haɗa da na Rakiya. Zuhura ta shiga hawo mini da kuskus da miyar kifi, ta tsaya a kaina sai na share kwanon. Fuskata ta kumbura ta yi faɗi, kullum Rakiya tana huda mini yatsa tana auna sukari. Amma kunne shiru.

Maigidana, Malam Kyari, mushe ne, wato malamin makaranta, a wata lakwal a Zinder. Tunda kiran salula ya daina amfani sai muka koma rubutu. Kullum bayan la'asar saƙonsa zai shigo: "Ya jiki?" In rubuta, "Da sauƙi." Ya rubuto, "Allah ya ƙara sauƙi." Shi ke nan sai gobe.

Ranar komawa wajen likita ta faɗo ana jibi babbar sallah. Asibitin ya yi rabi, mai gwajin akurki ya tafi garinsu, Rakiya ta tsaya a waje tana amsa kiran gida. Na shiga ni kaɗai. Likitar ta gaji liƙis, idanunta sun faɗa, amma da ta gan ni ta yi murmushi ta kama hannuwana biyu. Na karanta bakinta sarai: ya kunnen, an samu ci gaba?

Wanda ba ɗan ƙasarmu ba sai na yi masa bayani a nan. A wurinmu mara lafiya ba ya cewa babu sauƙi. Ko an juya shi gabas, in ka ce ya jiki zai ce da sauƙi, in ya kasa magana na kusa da shi su faɗa a madadinsa. Cewa babu sauƙi kamar kai ƙarar Ubangiji ne, kuma cin fuska ne ga wanda ya wahala a kanka. Mu ma'aikatan likita mun san haka, shi ya sa in mace ta ce mini da sauƙi ba na ko bi ta kai, fatar idonta nake ja in duba. To ga baiwar Allah ta riƙe hannuna tana jira, ta riga ta ba ni maganinta mafi ƙarfi. In dube ta in ce bai yi komai ba? Bakina ya riga ni. Na ce mata da Faransanci, alhamdu lillahi, da sauƙi.

Ta yi murna har ta tafa hannu. Ta yi mini wasu tambayoyi, na karanta bakinta na amsa daidai, abin ya ƙara tabbatar mata. Ta ce to madalla, in ci gaba da rage ƙwayoyin, tunda ya kama hanya babu buƙatar allura. Ita za ta tafi hutu, in dawo bayan mako uku a sake gwaji. Na yi godiya na fito ina jin kaina mai ladabi.

A bakin asibitin jirgin nan yake wucewa, ta tsakiyar titi. Na sa ƙafa zan tsallaka, hankalina yana wani wuri. Sai ji na yi an fizgo mayafina ta baya har na zauna daɓas a ƙasa, jirgin ya wuce ta gabana, iskarsa ta bugi fuskata. Na ga matuƙin yana ɗaga hannu yana zagi, na ga mutane sun dafe kai. An ce tun daga nesa yake buga ƙararrawa.

Rakiya ce ta fizgo ni. Ta durƙusa a gabana, ta kama fuskata ta juyo da ita don in ga bakinta.

"Ya Falmata, me lokotoron ta ce?"

"Randebu ta ba ni, in koma bayan sati uku."

"Sati uku? Allurar fa?"

"Ta ce ba sai an yi ba."

Ta ƙura mini ido. "Ke me kika ce mata?"

Ba ta jira amsata ba.

"La ilaha illallahu! Da sauƙi kika ce mata! Ita Balarabiya ina ta san da sauƙinmu? Ta ɗauka gaskiya ne! Ke da kike ja wa matan ƙauyen Droum ido kina ce musu ƙarya suke? Wallahi tashi mu koma. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

"Rakiya, da kunya. Yanzu fa na fito."

"Bon, to zauna da kunyarki, sati uku ya cika, ki koma Damagaram ki miƙa wa Malam kunyar ya riƙa yi mata magana."

A zaune a ƙasan nan na duba na gani: mako ukun da aka ba ni daidai yake da rufewar ƙofar allurar. Na tashi na kakkaɓe zanena.

Na sha hawa matakala da gudu a rayuwata, amma ban taɓa hawa mai nauyin wannan ba. Na taras da likitar ta rataya jaka tana kulle ƙofa. Na tsaya gabanta, na ji kamar saɓo zan yi. Na ce, "Likita, babu sauƙi. Ko kaɗan babu. Yadda na zo miki haka nake. Bakinki nake karantawa."

Ta dube ni. Ta ɗaga jakar ta kare bakinta da ita, na ga gefen kumatunta yana motsi, alamar magana take. Ban ji ko ɗigo ba. Ta sauke jakar ta tambaye ni don me na ce mata an samu sauƙi. Na ce haka ake yi a garinmu. Sai ta mayar da makulli ta buɗe ƙofar.

A yammacin aka yi mini allurar farko. Ta kwantar da ni a gefen hagu, ta shafa wa dodon kunnen maganin kashe zafi, sannan ta shigar da wata siririyar allura doguwa. Zafin bai kai tsoron ba. Na ji sanyi ya kwarara can ciki, ɗakin ya juya da ni ya tsaya, wani ɗaci ya sauko mini maƙogwaro. Dokar ita ce wahalar: rabin awa ba motsi, ba magana, ba haɗiyar yawu, don kada maganin ya zurare. Rakiya ta ga banza ta faɗi. Ta jawo kujera ta zauna saitin idona ta fara zayyano duk abin da ta daɗe tana son faɗa mini, daga minsharina har yadda nake dafa shinkafa, ni kuwa ina kwance ina karantawa babu damar ramawa.

Likitar ta ɗage tafiyarta. Washegarin sallah ta zo da lalle a hannu ta yi mini ta biyu, ta kawo mana naman layya a kwano. Na ci ina tuna yadda a Zinder ake tsire raguna a itace a kewaye wuta da su a ƙofar gida, na haɗa da hawaye na haɗiye.

Ita ce kuma ta samo mini gurbi a ɗakin iska. Ɗaki dai suna ne. Wani ƙaton tankin ƙarfe ne a kwance, irin na motar da ke kawo mana ruwa in famfo ya ɗauke, sai dai an sa masa kujeru da 'yan tagogi. Asalinsa don masu nutso cikin teku aka yi shi. Ni 'yar Damagaram da muke sayen ruwa wajen 'yan ga-ruwa, ko tafki ban taɓa shiga ba, ga ni zaune da wani mai nutso da wani tsoho mai gyambon ciwon sukari, kowa da abin shaƙa a fuska. Ba a shiga da salula, ba a shiga da mai a jiki, ba turare, saboda gobara. Ranar farko ma'aikacin ya sunsuna ni ya mayar da ni in yi wanka. A ce wa Babarbariya ta fita babu humra! Na yi wankan dai. A wajen allura an hana ni haɗiyar yawu, a nan kuma dole in yi ta haɗiya in ana matse iskar. Tsohon nan kullum sai ya ajiye mini kujerar kusa da taga, alhali ba mu taɓa fahimtar kalma ɗaya ta juna ba.

Jin bai dawo rana ɗaya ba. Abin da na fara ji takun ƙafata ne a matakalar Zuhura, dum, dum, har na waiwaya ko wani ne a bayana. Na sauka na sake hawa. Zuhura ta leƙo ta ga ina hawa ina sauka ina dariya, ta ɗaga hannuwa sama. Bayan haka muryoyin maza suka dawo, sannan na mata. Rakiya ta ce ita dama ta san tata ce za ta zo ƙarshe, don ba na son gaskiya. Ranar da na ji cokali yana kaɗawa a kofin shayi, na karɓe cokalin daga hannun Zuhura na yi ta kaɗawa har shayin ya huce.

Gwajin ƙarshe na danna har yatsana ya gaji. Likitar ta ce mafi yawa ya dawo, sai siraran sautuka da suka rage a baya, da ɗan zuuu da mai yiwuwa mu zauna tare har tsufa. Ta kare bakinta da hannu ta ce, "Yaya kunnen?" Na ce, "Da sauƙi." Ta ce, "Na garinku ko na gaskiya?" Muka yi dariya har ma'aikaciyarta ta leƙo. Na koma sitaj, na ƙarasa watannina a ɗakin haihuwarsu, na saurari cikin mata da kunnena na ji abin da ake ji, na karɓi takardar shaidata da hannuna.

Abin da ban yi tunani ba shi ne gida. Ina kurma ina rubuta musu da sauƙi, na warke ina rubuta musu da sauƙi, to ta ina za su bambance? Labari ya riga ni isa Birni cewa Falmata ta kurumce a ƙasar Larabawa. Ina sauka daga kar ɗin Yamai, babbar motar fasinja, aka fara yi mini ihu. Gwaggona ta kama kafaɗata ta kwarma mini gaisuwar Barebari, "Wushe! Wushe da hanya!" a cikin kunne har na ji shi a haƙori.

Na ce, "Gwaggo, ina ji fa, yi a hankali."

Ta juya ta dubi maƙwabta ta ce ƙasa-ƙasa, "Allah sarki, ƙarfin hali take."

Matan unguwa suka yi ta shigowa, kowace da ihunta da nuni da hannu, wata har tana kwatanta mini cin abinci da yatsu a baki. Na gaji da rantsuwa na ƙyale su, na sha furata ta farko cikin wata shida, mai sanyi, da nonon kirki.

Malam Kyari bai yi ihu ba. Ya yi mini sannu da zuwa da hannu a ƙirji, ya koma zaure yana karɓar maza. Sai bayan la'asar da mutane suka ragu ya shigo. Ina durƙushe a ɗaki na ba ƙofa baya, ina fitar da tsaraba daga akwati. Na ji takunsa, na ji ya tsaya a bayana, na ji ya sauke numfashi. Sai ya yi magana ƙasa-ƙasa, da muryar da mutum ke yi wa kansa.

"Falmata, gidan nan ba ya zaunuwa in ba ki. Wata shidan nan ko ruwa ba ya mini daɗi. Ko ba ki sake jin muryata ba har mu mutu, ni dai kin dawo, ya ishe ni."

Shekara ashirin da wani abu muna tare, mun haifa mun aurar, mutumin nan bai taɓa faɗa mini abin da ya wuce an gode da abinci ba. Ashe yana da baki, jira yake in kurumce. Hawaye suka cika mini ido, dariya kuma tana taso mini. Na ninke zanen da ke hannuna na ajiye, ban juya ba.

Na ce, "Malam, na ji. Amma kunnen sabo ne, yana son a riƙa motsa shi. Sake faɗa."

Sai na ji ya ja da baya ya yi tuntuɓe da buta, na ji yana laluben takalmi, ya ce wai an kira magariba. Ga rana nan zaune daram a kan katanga. Na bi shi har tsakar gida na ce ni ban ji kiran ba, kuma yanzu babu abin da ke wuce ni.